Mayar da maganar wani zuwa rahoto a Ingilishi: inda Faransanci zai taimake ka da inda Hausa za ta taimake ka

Tambaya: Malam, ina ajin première, wato ajin kusa da na ƙarshe, a wata makarantar sakandare a Garwa ta Kamaru, ina shirin jarrabawar Probatoire da ake yi a ƙarshen ajin. Na haddace jadawalin canza lokutan aikatau, na san "will" yana komawa "would", "today" yana komawa "that day". Duk da haka, kullum aka ba mu aikin mayar da magana kai tsaye zuwa maganar rahoto sai takardata ta dawo cike da jan biro, musamman wajen tambayoyi. Kuma wani lokaci a ce a canza lokacin aikatau, wani lokaci a ce a bar shi. Ina ka'idar take?

Amsa: Ɗana, haddar jadawali ba laifi ba ce. Matsalarsa ita ce ba ya gaya maka dalilin canjin, shi ya sa da zarar jimla ta ɗan kauce wa irin wadda ka saba gani sai ya bar ka a tsaye. Dalilin kuwa guda ɗaya ne. Magana tana fitowa daga bakin wani mutum, a wani wuri, a wata rana. Wanda zai ba da labarinta mutum ne dabam, sau da yawa yana wani wurin, kuma kwanaki sun shige. Duk kalmar da ma'anarta ta rataya ga wanda ke magana, ko inda yake tsaye, ko ranar da yake magana, sai an daidaita ta da matsayin mai ba da labarin. Sauran kalmomin ba a taɓa su.

Kana yin wannan da Hausa kullum ba tare da ka lura ba. A ce ranar Litinin a babbar kasuwar Garwa wani ya ce maka: "Zan kawo maka kuɗinka nan gobe." Ranar Juma'a kana Marwa kana ba yayanka labari, me za ka ce? "Ya ce zai kawo mini kuɗina can washegari." Ƙirga abin da ka canza: "zan" ya koma "zai", "maka" ya koma "mini", "kuɗinka" ya koma "kuɗina", "nan" ya koma "can", "gobe" ya koma "washegari". Canji biyar, kuma babu wanda ya ba ka jadawali. Ingilishi ma haka yake yi: "I will bring you your money here tomorrow" ya zama "He said he would bring me my money there the next day."

Yanzu duba abu ɗaya da Hausa ba ta taɓa ba. "Za" ɗin nan na lokaci mai zuwa yana nan yadda yake, a "zan" da "zai" duka. Hausa ba ta ja da lokacin aikatau baya idan tana ba da rahoto. Muna cewa "ya ce yana zuwa", "ya ce ba shi da lafiya", ko da shekara goma ke nan da faɗin maganar. Ingilishi kuwa yana ja da shi baya taki ɗaya. Nan ne kunnen Bahaushe yake yaudararsa, ya rubuta "He said he will come" yana jin daidai ne.

Sa'arka ita ce kana karatu da Faransanci, kuma Faransanci yana yin irin wannan ja da bayan. "Je suis malade" yana komawa "il a dit qu'il était malade". "J'ai fini" yana komawa "qu'il avait fini". "Je viendrai" yana komawa "qu'il viendrait". To "était" shi ne "was", "avait fini" shi ne "had finished", "viendrait" shi ne "would come". Saboda haka a batun lokacin aikatau ka jingina da Faransancinka. A batun jerin kalmomin tambaya kuwa, za ka ga a gaba, Faransanci ne yake kai ka rami, Hausa ce take fitar da kai.

Kafin ka taɓa komai a jimla, dubi aikatau na gabatarwa, wato kalmar da ta shigo da maganar. Idan "says" ce, ko "is saying", ko "has said", ko "will say", babu ja da baya ko kaɗan. "I am tired," Aminu says, sai ya zama "Aminu says that he is tired." Wakilin suna kawai ya canza. Masu tsara jarrabawa suna son saka irin wannan a tsakiyar jimloli masu "said", don sun san hannun ɗalibi ya riga ya saba da canzawa. Sai ka ga "said", "told", "asked" da ire-irensu na abin da ya shuɗe sannan ja da baya ya tashi.

Ga yadda takin yake. "Am" da "is" su koma "was", "are" ya koma "were". Aikatau na yau da kullum ya koma siffarsa ta biyu, wato layi na biyu a jerin aikatau marasa bin ka'ida da kuke haddacewa: "I sell onions" ya zama "he sold onions". "I am reading" ya zama "she was reading". "Have" da "has" su koma "had", ko su kaɗai suke ko suna tallafa wa wani aikatau: "I have paid" ya zama "he had paid". Abin da ya riga ya shuɗe a bakin mai magana, irin "I saw him", ya ƙara matsawa baya ya ɗauki "had" da siffa ta uku: "she had seen him". Nan ɗalibai da yawa suke faɗuwa, ba don ba su san ka'idar ba, sai don sun ɗora layi na biyu a kan "had". "Had saw", "had went", "had wrote" duk kuskure ne. "Had seen", "had gone", "had written" ake cewa. Idan layi na uku bai zauna a kanka ba, babu yadda wannan darasin zai zauna. "Was waiting" yana komawa "had been waiting". Wanda kuma ya riga ya zo da "had" da siffa ta uku ya kai bango, babu bayan da zai ƙara matsawa, sai a bar shi.

"Will" ya koma "would", "can" ya koma "could", "may" ya koma "might". Su kuwa "would", "could", "should", "might", "ought to", "used to" da "had better" ba sa motsi. Biyu ne suke bukatar a tsaya a kansu. "Must" idan tilas yake nufi, ya koma "had to": "I must leave" ya zama "he said he had to leave". Idan kuwa hasashe ne mai ƙarfi, irin namu na "lalle ka gaji", ba ya canzawa: "You must be tired" ya zama "she said I must be tired". Sai korewarsa, "mustn't", wadda hani ce. Kada ka mayar da ita "didn't have to", domin wannan yana nufin "ba dole ba ne", ka ga ka juya hani ya zama zaɓi. "You mustn't smoke here" ko dai ka bar shi, "he said I mustn't smoke there", ko ka ce "he told me not to smoke there". Na biyun shi ne "shall". A jimlar bayani yana komawa "would": "I shall return" ya zama "he would return". A tambayar neman shawara kuwa "should" ne: "Shall I close the door?" ya zama "he asked if he should close the door".

Yanzu ga ɓangaren tambayarka na biyu, wato yaushe ake barin lokaci yadda yake ko da an fara da "said". Malaminka bai saɓa wa kansa ba. Ja da baya yana nuna cewa mai rahoto yana kallon maganar a matsayin abin da aka faɗa can baya. Idan abin da aka faɗa har yanzu gaskiya ne, kuma mai rahoto ya yarda da shi, yana da damar barin sa. "The Benue flows through Garoua," the teacher said. Kogin Binuwai bai canza hanya ba tun da malam ya yi magana, saboda haka "The teacher said that the Benue flows through Garoua" daidai ne. "Flowed" ma nahawu bai hana ba, amma a jarrabawa, idan ka ga gaskiya ce tabbatacciya irin ta kimiyya ko labarin ƙasa, bar ta yadda take. Haka kuma idan rahoton nan take ake ba da shi: ƙanwarka ta ce "I am hungry", mahaifiyarku ta tambaye ka me ta ce, ka amsa "She said she is hungry", domin yunwar tana nan.

Akwai wani ɗanɗano a nan da littattafan makaranta ba su cika faɗa ba, kuma ina ganin ya kamata ka san shi. Idan mai rahoto yana shakkar maganar, ko ta bayyana ba gaskiya ba ce, ja da baya ya zama wajibi. "You said you were sick, but I saw you at the stadium." Ba za a ce "you are sick" a nan ba. Kusan aikin da "wai" take yi mana ke nan: "ka ce wai ba ka da lafiya". Mai rahoto ya janye jikinsa daga maganar.

Abin da ya shuɗe kuma aka ambaci shekararsa ba ya bukatar "had". "Ahmadou Ahidjo was born in Garoua in 1924" ya zama "The teacher said that Ahmadou Ahidjo was born in Garoua in 1924." Shekarar ta riga ta kafa lokacin, ba mai ruɗewa. Amma akwai inda barin "had" yake ɓata ma'ana. Ɗauki jimla biyu: "I live in Kousseri" da "I lived in Kousseri". Ta farko tana komawa "he said he lived in Kousseri". Idan ka bar ta biyu ba ka canza ba, ta fito iri ɗaya da ta farko, mai karatu ba zai san ko mutumin yana Kuseri a lokacin ko ya riga ya tashi ba. Dole ta biyu ta zama "he had lived in Kousseri". Ma'aunin ke nan: idan barin siffa ta biyu zai sa a zaci abin yana faruwa ne a lokacin maganar, sa "had". A takardar jarrabawa, inda jimla take zuwa ita kaɗai ba labari a gabanta ko bayanta, sa "had" shi ne mafi aminci, sai dai in da shekara.

Sashen jimla da ya fara da "when" ko "while" a labarin abin da ya wuce yawanci ba a taɓa shi: "I was cooking when the lights went out" ya zama "She said she had been cooking when the lights went out." Sharaɗin da ba na gaske ba, irin namu na "da ina da kuɗi da na sayi mashin", shi ma ba ya motsi: "If I had money, I would buy a motorbike" ya zama "He said that if he had money, he would buy a motorbike." Idan ka mayar da shi "had had" da "would have bought" ka canza zancen, ka mai da burin yau nadamar jiya. Sharaɗi na gaske kuwa yana ja da baya a ɓangarorinsa biyu: "If it rains, we will plant" ya zama "They said that if it rained, they would plant."

Kalmomin lokaci da wuri ka riga ka haddace su, ba sai na daɗe a kansu ba. "Yesterday" ya koma "the day before" ko "the previous day", wato "la veille" a Faransanci. "Tomorrow" ya koma "the next day" ko "the following day", wato "le lendemain", washegarinmu. "Last week" ya koma "the week before", "next month" ya koma "the following month", "ago" ya koma "before", "now" ya koma "then" ko a jefar da shi in jimlar ta fi daɗi babu shi. Shekaranjiya, "the day before yesterday", ta koma "two days before". Jibi, "the day after tomorrow", ya koma "two days later" ko "in two days' time". Abin da nake so ka riƙe shi ne waɗannan ma ba tilas ba ne a magana ta gaske. Idan an ce maka "tomorrow" da safe, kai kuma ka ba da labari da yammar ranar, goben tana nan goben, sai ka ce "tomorrow". Idan kana tsaye a wurin da aka yi maganar, "here" yana nan "here". Haka "come" yake iya komawa "go" idan wurin da ake nufi ba inda mai rahoto yake ba ne, kamar yadda "zo" yake komawa "je" a bakinmu. "This" kuma ba kullum yake komawa "that" ba. Sau da yawa "the" ko "it" sun fi dacewa: "I like this shirt" ya zama "he said he liked the shirt".

Wakilin suna ba shi da jadawali, duk wanda ya ba ka jadawalinsa ya rage maka wani abu. "I" yana komawa ga wanda ya yi maganar, "you" yana komawa ga wanda aka yi wa. "I will help you," Fadimatu said to me: "she would help me". Said to Musa: "she would help him". Said to us: "she would help us". Idan kai ne ka yi maganar, "I" yana nan: "I said I would help him". Ka bi "my", "your", "mine", "myself" duka, domin a nan ake mantuwa, a canza na farkon jimla a bar na ƙarshe.

Sai "say" da "tell". Faransanci yana da "dire" ɗaya tak, shi ya sa "il m'a dit" yake haifar da "he said me", wanda kuskure ne babba. Hausa ta fi kusa. "Tell" kamar "gaya wa" yake, ba ya tsayuwa sai da wanda aka gaya wa: "he told me". Ba a cewa "he told that he was busy", kamar yadda ba a cewa "ya gaya cewa yana aiki". "Say" kamar "ce" yake, yana tsayuwa shi kaɗai, in kuma za a ambaci mutum sai an sa "to", kamar "ya ce da ni": "he said to me". Kada kuma ka haɗa su ka rubuta "he told to me". "Explain" da "suggest" suna bin tsarin "say": "he explained to me", ba "he explained me" ba. "That" bayan "said" da "told me" zaɓi ne, kamar "cewa". A rubutun jarrabawa sa shi ba ya cutarwa.

To, mu zo kan tambayoyi, inda ka ce jan biro ya fi yawa. Tambayar da aka ba da rahotonta ta daina zama tambaya, ta zama bayani. Abu uku ne suke biyo bayan wannan. Alamar tambaya ta tafi, aya ta maye gurbinta. Aikau, wato mai aikin ko wanda ake magana a kansa, ya dawo gaban aikatau. "Do", "does" da "did" waɗanda aka shigo da su don gina tambaya kawai su fita.

Dubi wannan: "Where is the principal?" Da Faransanci za ka ce "il a demandé où était le proviseur", aikatau kafin aikau, kuma daidai ne a Faransanci. Ɗalibi ya bi wannan sawun ya rubuta "He asked where was the principal", ya faɗi. Yanzu faɗe ta da Hausa: "ya tambayi inda shugaban makaranta yake". Shugaban ya riga, "yake" ya zo ƙarshe. Ingilishi sak: "He asked where the principal was." Duk lokacin da ka yi shakkar jerin kalmomi a tambaya, faɗe ta da Hausa a zuciyarka da "inda", "yadda", "abin da", "lokacin da", ka bi wannan jerin. "What is your name?" ya zama "She asked me what my name was." Kada "was" a ƙarshen jimla ya ba ka tsoro, wurinsa ke nan.

Wajen fitar da "do" kuma sai ka lura da lokacin da yake ɗauke da shi, domin in ya fita aikatau ne zai karɓi nauyin. "Where do you live?" lokacin yanzu ne, ya ja baya: "where I lived". "Where did you buy this cap?" ya riga ya shuɗe, ya ƙara ja: "where I had bought the cap". "How much does a ticket to Ngaoundéré cost?" ya zama "He asked how much a ticket to Ngaoundéré cost", domin "cost" siffarsa ta biyu ma "cost" ce, ba a ƙara masa komai. Amma idan "do" na korewa ne ba ya fita, domin korewar tana bukatar abin da za ta rataya a kai: "Why don't you eat meat?" ya zama "She asked why I didn't eat meat." Idan kuma kalmar tambayar ita ce aikau ɗin kanta, babu abin juyawa: "Who broke the window?" ya zama "He asked who had broken the window."

Tambayar da amsarta i ko a'a ce ba ta da kalmar tambaya, sai a shigo da "if" ko "whether", wato "ko" a Hausa, "si" a Faransanci. "Have you eaten?" ya zama "She asked if I had eaten", ta tambaya ko na ci abinci. Duka biyun suna aiki a yawancin wurare, amma "whether" kaɗai ke shiga gaban "to", kamar "whether to go", da kuma in "or not" zai biyo kai tsaye, "whether or not". Abin da ba ya yiwuwa sam shi ne "that" ya haɗu da "if" ko da kalmar tambaya. "He asked me that where I was going" kuskure ne da ake ji ƙwarai a yankinmu. "He asked me that what I wanted" ma haka, kuma "ce que" na Faransanci yana da hannu a ciki. Da "ask" ba a sa "to" kafin mutum: "he asked me", ba "he asked to me" ba, duk da "demander à". Kuma "demander" ba "demand" ba ne. "Demand" nema ne da ƙarfi, irin na mai bin bashi. In ka rubuta "She demanded me my name" ka yi kuskure biyu a jimla ɗaya.

Wasu jimlolin rigar tambaya kawai suka sa. "Can you lend me your pen?" roƙo ne, mafi kyawun rahotonsa "He asked me to lend him my pen." "Would you like some tea?" tayi ne: "She offered me some tea." "Why don't you see a doctor?" a bakin mai tausaya maka shawara ce: "He advised me to see a doctor." Ka tambayi kanka abin da mai maganar yake yi da maganarsa, sannan ka zaɓi aikatau.

Umarni shi ne mafi sauƙi, domin babu ja da baya a cikinsa. Tsarin shi ne "told", "asked" ko "ordered", sai mutum, sai "to" da aikatau tsura. "Sit down" ya zama "He told us to sit down", ya ce mu zauna. Hani kuma "not to": "Don't run" ya zama "He told us not to run". "De ne pas" na Faransanci yana sa ɗalibai su rubuta "to not run" ko ma "to don't run". Na farkon ana jin sa a bakin masu harshen, amma a jarrabawa rubuta "not to". Na biyun kuwa ba shi da wurin zama. In akwai "please", "asked" ya riga ya ɗauke ta, ba sai ka maimaita ba. In ba a ambaci wanda aka umarta ba, kai za ka samar da shi, "me" ko "us" ko "him", domin "told" ba ya zama babu mutum.

"Let's go" yana komawa "suggested", kuma "suggest" ba ya karɓar "to" da aikatau ko kusa. "He suggested going" ko "He suggested that we should go". "He suggested us to go" kuskure ne. Kowane aikatau na gabatarwa yana da abin da yake ja a bayansa, kuma gara ka haddace su tare da wutsiyarsu. "Offer", "refuse", "promise", "agree" da "threaten" suna jan "to" kai tsaye: "he refused to pay". "Advise", "warn", "remind", "invite", "beg" da "encourage" suna son mutum tukuna: "she reminded me to lock the shop". "Deny" da "admit" suna jan aikatau mai "-ing": "he denied taking the money". Wasu kuma da ƙaramar kalma a tsakani: "apologised for coming late", "accused him of lying", "insisted on paying", "congratulated her on passing". Waɗannan ne suke bambanta amsar da ta tsira da ƙyar da amsar da take da kyau, musamman a terminale, ajin ƙarshe na sakandare.

Gaisuwa, kira da motsin rai ba a kwafe su, ana fassara aikinsu ne. "Good morning" ya zama "he greeted me", "Thank you" ya zama "she thanked him", "What a hot day!" ya zama "he exclaimed that it was a very hot day". "Yes" da "no" su koma gajeriyar amsa: "he said that he had", "she said that she couldn't". Sunan da aka kira mutum da shi ya koma bayan "told": "Musa, come in" ya zama "She told Musa to come in."

Ka yi hattara da gajerun siffofi. "He's" yana iya zama "he is" ko "he has", "I'd" yana iya zama "I would" ko "I had". Abin da ya biyo baya ne zai gaya maka. "He's gone" da siffa ta uku "has" ne, ya koma "had gone". "He's going" kuwa "is" ne, ya koma "was going". Warware su a takardar gwaji kafin ka fara canzawa.

Bari mu haɗa su a magana ɗaya. Hadiza tana Ngaundere, inda layin dogo daga Yawunde ya ƙare, tana magana da yayanta: "I missed the train yesterday. Can you take me to the bus station tomorrow? Don't tell Mother, she will be worried." Jimla uku, iri uku: bayani, roƙo, hani mai dalili. "Said" ɗaya ba zai ɗauke su duka ba, kowace tana son nata aikatau. "Hadiza told her brother that she had missed the train the day before. She asked him to take her to the bus station the next day and begged him not to tell their mother, because she would be worried." Lura da "Mother" da ya zama "their mother" da ƙaramin harafi, da "because" da aka shigo da shi don ya ɗaure dalilin. In ka ga "she" na ƙarshe zai sa a rasa wa ake nufi, ka ce "who would be worried", ka huta.

Wani lokaci aikin juyawa ake yi, a ba ka rahoto a ce ka dawo da shi magana kai tsaye. Sai ka bi hanyar a baibai, ka kuma kula da alamomin rubutu, domin na Ingilishi ba irin na Faransanci ba ne. Ba a amfani da alamun zance masu kusurwa, ana sa masu kama da waƙafi a sama. Waƙafi ne yake raba "he said" da maganar, kalmar farko a cikin zancen tana ɗaukar babban harafi, aya ko alamar tambaya tana shiga cikin alamar rufewa, kuma ba a barin fili kafin alamar tambaya. Wurin da za ka tsaya ka yi tunani shi ne "had" da siffa ta uku, domin tana iya fitowa daga "have seen" ko daga "saw". In ka ga "the day before" ko "before" da ke nufin "ago", "saw" ne. In ka ga "already", "never", "just" ko "yet", mafi yawa "have seen" ne.

Wajen gwaji, ɗauki hira gajera daga littafinku na Ingilishi, jimla biyar a rana sun isa. A kowace jimla ka ja layi ƙarƙashin aikatau na gabatarwa, ka rubuta a gefe ko bayani ce, ko tambaya, ko umarni, sannan ka zagaye wakilan suna da kalmomin lokaci da wuri kafin ka rubuta komai. Bayan ka gama, ka ɗauko tsofaffin takardunka masu jan biro ka ware kurakuran gida uku: na lokacin aikatau, na jerin kalmomi, na siffa ta uku. Gidan da ya fi cika shi za ka ba mako mai zuwa. In na jerin kalmomi ne, kamar yadda bayaninka ya nuna, ka yi tambaya 20 masu "where", "what" da "how much", kana faɗin kowace da Hausa da "inda" ko "abin da" kafin ka rubuta ta.